Tallafin ya zo, amma a makare

Wani labari ya yaba wa ƙananan hukumomin Ingila kan raba takunkumi da safar hannu a gidajen kula da tsofaffi lokacin korona. To madalla, amma sai da ɓarna ta auku. A watan Maris 2020 asibitoci suka riƙa sallamar tsofaffi zuwa gidajen nan ba tare da gwaji ba, har Babbar Kotu ta ce a 2022 hakan ya saɓa doka. Fam miliyan 600 na daƙile yaɗuwar cutar sai watan Mayu 2020 aka sanar da shi. Kafin nan ma'aikaciya mai tari ta rasa yadda za ta yi: in ta zauna gida albashi ya ragu, in ta fito ta shafa wa tsohon da take yi wa wanka.