Hatimin kwamitin ɗa'a ba shi ne ƙarshen sa ido kan gwajin magani ba

Duk maganin da likita ke rubuta wa majinyaci a yau, akwai mutanen da suka fara shan sa tun ba a san abin da zai yi wa jikin ɗan Adam ba. Ba makawa sai an yi haka, domin gwaji a kan ɓera ko biri ba ya bayyana komai da komai. Abin da ake iya yi shi ne a tabbatar wanda ya ba da jikinsa ya san abin da ya shiga, kuma akwai masu ikon cewa a dakata waɗanda ba su da riba ko asara a sakamakon. A ganina an fi mai da hankali kan izinin da kwamitin ɗa'ar bincike, wato masu duba tsarin gwaji don kare waɗanda za a gwada a jikinsu, ke bayarwa kafin a fara, an yi sakaci da sa idon da ya kamata ya biyo baya, alhali a nan ne aka fi cutar da mutane.

A 1932 hukumar lafiya ta Amurka ta fara bin diddigin baƙaƙen fata 600 a Tuskegee da ke jihar Alabama, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere. Ba a gaya musu sunan cutarsu ba. Da maganin penisilin ya samu a shekarun 1940, aka hana su shi don a ga yadda cutar ke cin jiki har mutuwa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne a 1969 an tara kwamitin ƙwararru ya duba aikin, ya ce a ci gaba. Sai a 1972 aka tsayar, bayan labarin ya fita a jaridu. Ka'idojin Nuremberg na 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964, waɗanda suka shimfiɗa sharuɗɗan gwaji a kan ɗan Adam, duk suna nan a rubuce a lokacin. Mutanen gida ne suka duba aikin gida, shi ya sa rubutun bai ceci kowa ba.

Don haka tambayar farko ita ce su wa ke zaune a kwamitin ɗa'a. Dokar Amurka, wadda ƙasashe da dama suka yi koyi da ita, ta ce aƙalla mutum 5, a ciki har da wanda ba masanin kimiyya ba da wanda ba ya aiki a cibiyar. Duk mamban da ke da hannu a binciken, ko yake cin kuɗin kamfanin da ya ɗauki nauyinsa, ba ya cikin masu yanke hukunci. Wannan mutumin na waje ba ado ba ne. Shi ne zai karanta takardar neman amincewa mai shafi 20 ya ce mahaifiyarsa ba za ta gane ko layi ɗaya ba.

Sa hannu ma ba ya nufin an fahimta. Matsalar da aka fi gamuwa da ita ita ce marar lafiya ya ɗauka likita ya zaɓa masa abin da ya fi dacewa da shi, alhali kwamfuta ce ta jefa shi rukunin sabon magani ko rukunin ƙwayar da ba komai a cikinta. Hanyar gane wannan mai sauƙi ce: bayan bayani, a ce ya maimaita da bakinsa abin da za a yi masa, da hatsarin da ke ciki, da kuma cewa yana iya fita ko yaushe ba tare da an daina duba shi a asibiti ba. Idan ya kasa, ba a gama ba. Wanda bai iya karatu ba, shaida daga wajen tawagar binciken zai zauna tun daga farkon bayani har dangwala yatsa. Yaro mai wayo kuwa, yardar iyayensa ba ta wadatar sai an ji tasa. Kuɗin da ake bayarwa ya tsaya a na mota da lokacin da aka ɓata. In ya kai yadda talaka ba zai iya cewa a'a ba, an sayi yardarsa ke nan.

Duk wannan kafin a fara ne. A watan Maris na 2006, a wani asibiti a Landan, an yi wa lafiyayyun maza 6 allurar sabon magani mai suna TGN1412. Akwai izinin hukuma da na kwamitin ɗa'a, kuma adadin da aka ba su ya yi ƙasa sau 500 da wanda birai suka jure. Amma an yi musu allurar ɗaya bayan ɗaya da tazarar mintoci kaɗan, har aka gama da na ƙarshe kafin a fahimci abin da ke samun na farko. Garkuwar jikinsu ta harzuƙa, gaɓoɓin ciki suka fara tsayawa, dukkansu suka kwanta a sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya rasa yatsun hannu da na ƙafa. Daga nan aka tsaurara ka'ida: magani mai irin wannan hatsari, a ba mutum ɗaya, a jira, a duba, sannan na biyu.

Bayan an fara, mai bincike zai sanar da mai ɗaukar nauyi duk wata mummunar illa nan take, galibi cikin awa 24. Illar da ba a zata ba, wadda ta kashe ko ta yi barazanar kisa, ta isa ga hukumar magunguna cikin kwana 7, sauran cikin kwana 15. Manyan gwaje-gwaje kuma suna da wani kwamiti daban mai zaman kansa, shi ke buɗe alƙaluma a tsakiyar aiki ya ga wane rukuni ke samun sauƙi, wane ke cutuwa. Irin wannan kwamiti ne a 2015 ya duba gwajin START mai mutum fiye da 4,600 a ƙasashe 35, ya ga fara shan maganin HIV da wuri ya rage hatsarin rashin lafiya mai tsanani ko mutuwa da fiye da rabi. Ba a jira ƙarshen wa'adi ba, aka buɗe wa kowa damar fara magani.

Masu bincike na kukan cewa kwamitoci na ɓata lokaci, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Takardar tambayoyi da ba ta ɗauke da sunan kowa bai kamata ta yi wata shida a layi ɗaya da gwajin sabuwar allura ba. Akwai tsarin duba na gaggawa domin irinta. Sai dai yawancin jinkirin daga rashin ma'aikata yake. Kwamitin da ba shi da sakatare na dindindin, ba shi da kuɗin kai ziyarar ba-zata inda ake gwajin, hatimi kawai zai buga ya jira rahoton shekara wanda mai binciken ya rubuta da hannunsa. Jami'o'i da ma'aikatun lafiya su ware wa kwamitocin kasafi nasu wanda bai rataya a wuyan kamfanonin magani ba, su ba su ikon shiga wurin gwaji su ɗauko fayil goma su gwada da rahoton da aka aiko, su kuma dakatar da ɗaukar sababbin mutane a ranar da suka ga saɓani.