Tausayin Raskolnikov ba wanke shi ba ne

Wasu idan suka ji mai karatu ya ce Raskolnikov ya shiga ransa, sai su ɗauka littafin ya yi wa kisan kai uzuri. Sam ba haka ba ne.

Raskolnikov matashi ne a littafin da marubucin Rasha Fyodor Dostoyevsky ya fitar a 1866, wanda sunansa ke nufin Laifi da Hukunci. Talauci ya raba shi da jami'a a birnin St Petersburg, ya ƙirƙiro wa kansa hujjar cewa akwai manyan mutanen da doka ba ta hawa kansu. Da wannan tunanin ya kashe Alyona, tsohuwa mai ba da bashi da jingina, da gatari.

To ina ƙaunar ta fito? Marubucin ya zaunar da mu cikin zuciyarsa, muna jin zazzaɓinsa da firgicinsa. Mun kuma ga ya miƙa wa matar Marmeladov, wani talaka mashayi da ya sani, kuɗin da mahaifiyarsa ta aiko masa, don a yi jana'izar mijinta.

Amma akwai Lizabeta, ƙanwar tsohuwar, baiwar Allah da ba ta taɓa cutar da kowa ba. Shigowa kawai ta yi, ya kashe ta. Ni dai a nan nake ganin marubucin ya rusa hujjar ɗungurungum, kuma yana damuna yadda masu karatu kan manta da ita.

Ƙarshenta ya amsa laifinsa, aka yanke masa shekara 8 na aiki mai tsanani a Saiberiya, Sonya, 'yar Marmeladov da ta ƙaunace shi, ta bi shi can.