Yawan ƙawaye bai ceci NPO ba ranar da ƙura ta tashi

A watan Afrilun 2009, ƙungiyar New Pacific Order, wadda aka fi sani da NPO, ta afka wa wata ƙaramar ƙungiya mai suna Ordo Verde a wasan Cyber Nations, alhali ana tsakiyar zaman sulhu. Ga wanda bai san wasan ba, Kevin Marks ne ya buɗe shi a intanet a 2006. Kowane ɗan wasa da ƙasarsa, yana karɓar haraji, yana sayen soja da tankoki, mai hali har nukiliya yake ajiyewa. Ƙasar da ta zauna ita kaɗai ba ta daɗewa ba a wawashe ta ba, shi ya sa ake taruwa ƙungiya-ƙungiya, kowace da shugabanninta da jakadunta.

NPO ce giwar wasan a lokacin, ga takardun kare juna da manyan ƙungiyoyi jibge a hannunta. Amma da abokan Ordo Verde suka ja daga, da yawa daga cikin ƙawayen nan suka sanar da soke yarjejeniyarsu, har 'yan wasa suka raɗa musu suna taron matsorata. Daga baya yawancinsu sun shiga yaƙin, sai dai kowa ya riga ya ga inda bangon ya tsage. Yaƙin Karma, kamar yadda ake kiransa, ya kai kusan wata uku kafin NPO ta miƙa wuya, aka ɗora mata diyya mai nauyi.

An fi zagin waɗanda suka zame. Ni kuwa a ganina laifin ya girmi wannan dare, tun ranar sa hannu aka tafka shi.

Wasan kansa bai san da wata yarjejeniya ba. Babu maɓallin da zai tilasta wa ƙasarka shiga yaƙi don an taɓa abokinka. 'Yan wasa ne ke rubuta sharuɗɗan, mutunci kawai ke riƙe da su. Akwai wadda suke kira ODP, in ka ga dama ka kawo ɗauki. Akwai MDP, in an kai wa abokinka hari dole ka fito. Sai MDAP, wadda ta ce ko shi ya tsokano faɗan kana bayansa. Wannan ta ƙarshe miƙa wa wani linzamin dokinka ne. Ko Sashe na 5 na yarjejeniyar NATO, wanda sau ɗaya tak aka yi aiki da shi, bayan harin 11 ga Satumban 2001, ya bar wa kowace ƙasa zaɓin matakin da ta ga ya dace. To ina dalilin ɗaure kai fiye da haka?

Sannan ga sarƙaƙiya. Ka ƙulla da wannan, ka ƙulla da wancan, ran da su biyun suka kaure da faɗa, ko ta ina ka juya ka ci amanar wani. Daga baya ƙungiyoyi suka riƙa saka sharaɗin cewa in abokinka ya shiga yaƙi saboda wani abokinsa, ba dole ba ne ka bi shi. Gyara ne mai kyau, amma shaida ce cewa an riƙa yin alkawarin da ba a auna nauyinsa ba.

Shi kuwa nauyin, a jikin talakan ƙungiya yake sauka. Ranar wasan tana juyawa ne da tsakar daren tsakiyar Amurka, wato shida ko bakwai na safe agogon Najeriya. Wanda ya kai hari biyu dab da wannan lokaci, ya ƙara biyu bayansa, ya yi wa abokin gaba bugu huɗu a jere. Don haka ga ɗan wasan da ke Amurka, kare aboki na nufin mutum ya hana idonsa barci, ya zauna gaban kwamfuta yana kallon ƙasar da ya shekara yana ginawa tana rushewa, kowane zagayen yaƙi kwana bakwai. Shugaban da ya sa hannu cikin raha ba lallai ya tambaye shi ba.

Na san za a ce ƙaramar ƙungiya ba ta da wata mafaka sai ƙawaye, kuma gaskiya ne. Ordo Verde ma ai ƙawayenta ne suka tsaya mata. Amma sun tsaya ne don ita aka zalunta, kuma akwai tsohon haushin NPO a zukatan mutane da yawa.

Da ni ne jakada, kafin sa hannu ba yawan sojan ƙungiya zan fara tambaya ba. A wancan zamani galibi tallafi ɗaya da ƙasa ke aika wa wata bai wuce miliyan 3 na kuɗin wasa ba, kuma gurbi, wato ƙofar aika tallafi, in aka aika ta cikinsa sai ya kwana 10 kafin ya sake buɗewa. Zan nemi a nuna mini gurbi nawa suka taɓa toshewa don sake gina ƙasar abokin da aka kayar, da kuma wata nawa suka jure suna aikawa.