Wai Tsoffin Talyllyn Wasa Suke Yi

Tun jiya raina a ɓace yake kan maganar da aka yi game da wani hoto na tsoffin da ke aikin sa kai a Talyllyn, wani siririn layin jirgin ƙasa mai tururi a Wales ta Birtaniya. Wanda ya yi maganar ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa ta fi ci mini rai. Wai, "Yaya, waɗannan ai ƙoshi ne ya yi musu yawa, mutum da furfurarsa yana wasa da jirgi."

Wasa? Wane wasa ne ake sammako dominsa cikin sanyin Wales, a shiga rami ƙarƙashin kan jirgi a kwashe tokar jiya? Jirgi mai tururi ba mota ba ne da za ka murɗa makulli ya tashi. Sai an haɗa wuta da itace da tsumma, ana zuba kwal kaɗan-kaɗan, a jira awanni kafin tukunya ta kawo ƙarfi, don in aka matsa mata da wuta farat ɗaya ƙarfen yana jin jiki. Kafin nan wani ya bi gaɓa-gaɓa ya ɗiga mai. Da hunturu kuwa, lokacin da fasinja ya ɗauke ƙafa, su fita kan layi cikin yayyafi, su zare ruɓaɓɓun katakan da ke ƙarƙashin dogo, su cusa tsakuwa, su yashe magudanan ruwa, su sassabe. Duk wajen shekara 10 sai a warware tukunyar ɗungurungum a duba. Wannan aiki ne, ƙanena. Aiki ne mai kanta a hannu, kuma mafi yawansu ko sisi ba a ba su.

Layin nan an buɗe shi a 1865 don sauko da dutsen rufin gidaje daga mahaƙar Bryn Eglwys zuwa Tywyn a bakin teku. Mahaƙa ta mutu, mai layin, Sir Henry Haydn Jones, ya rasu a 1950, saura kawai a tsinke ƙarafa a sayar. Sai wani injiniya, Tom Rolt, ya tara mutane a Birmingham, suka ce mu za mu riƙe. Ranar 14 ga Mayu 1951 jirgi ya tashi a hannun 'yan sa kai, karo na farko a duniya. Kan jirgi ɗaya tal ke aiki lokacin, Dolgoch, ƙirar 1866, kuma har yanzu yana jan tarago. A 1976 suka ƙara layin zuwa Nant Gwernol, ya zama mil 7 da 'yan kai. A 2021 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tare da mahaƙun yankin. Masu wasa ne suka yi wannan?

Na san abin da za a ce: ai suna da fansho. To sai me? Kakanninmu da suke fita gayya, su nome gonar marar lafiya, su yaɓe masallaci kafin damina, wane fansho suke karɓa? Kuma ba duka ne tsofaffi ba, akwai matasa da mata cikin rigar aiki baƙi ƙirin da mai. Wani zai ce aikin gwamnati ne. Da gwamnatin Birtaniya ta karɓe layukan dogo a 1948, Talyllyn bai shiga ciki ba. Da zaman jira suka yi, da yau kurmi ne a wurin.

Wallahi abin da ya fi sosa mini rai shi ne mu da muke da kalmar gayya a bakinmu, mu ne yau muke ganin mai aiki ba biya muna ce masa marar aikin yi. Aiki suke yi. Ban yarda a kira shi da wani suna ba.

Af, mu ma fa mun taɓa yin siririn layi irin wannan. Daga Zariya ya hau tsaunukan Jos a 1914 saboda kuza, aka rufe shi a 1957. Kakanmu ya sha ba mu labarin yadda yake haki a kan hawa, hayaƙi na cika tarago. Don Allah duk wanda ke da tsohon hotonsa a akwatin gidansu, ko ya san inda ragowar gadojinsa suke, ya turo mini, ina so in nuna wa yarana.