Final Kod: dokar da aka tsara wa Indiya, muke hukunci da ita a Arewa

Duk wanda ya taɓa leƙa kotun majistare a Kano ko Bauchi ya ji mai gabatar da ƙara yana cewa laifin ya saɓa wa sashe kaza na Final Kod. Kunne ya saba da sunan har wasu na ɗauka a Kaduna aka ƙirƙiro dokar tun daga tushe. Alhali jijiyarta tana Indiya, kuma wanda ya dasa ta bai taɓa taka ƙasar Hausa ba.

Sunansa Thomas Macaulay, Baturen Ingila da ya shugabanci hukumar tsara dokoki ta Indiya. Ya miƙa daftarinsa a 1837, aka jingine shi fiye da shekara ashirin. Sai da Indiyawa suka yi babban boren 1857, gwamnatin Birtaniya ta karɓe mulki daga hannun kamfanin da ke riƙe da ƙasar, sannan aka zartar da dokar a 1860, ta fara aiki a 1862. Wannan Macaulay shi ne ya taɓa rubuta cewa kanta guda ta littattafan Turai ta fi duk abin da Indiya da Larabawa suka rubuta. Da irin wannan idon ya dubi mutanen da yake yi wa doka.

Duk da haka a ba shi haƙƙinsa, aikin ya yi kyau. Ya rubuta laifuka da kalmomi masu sauƙi, ya bi sassa da misalai na wane ya yi wa wane kaza, don alƙalin da bai yi karatun lauya ba ya gane. Ita kanta Ingila ba ta samu irin wannan kundi ba. Yunƙurin da masanin doka James Stephen ya yi a ƙarshen shekarun 1870 ya mutu a majalisa. A kan talakawan da suka mallaka Turawa suka gwada abin da suka kasa yi a gida. Bayan sun ci Omdurman a 1898, suka kwashi dokar suka kai Sudan a 1899.

Daga Sudan ta iso mana. Gab da samun 'yanci, Jihar Arewa ta shiga tsaka mai wuya: kotunan alƙalai da na sarakuna suna hukunta manyan laifuka da fiƙihun Malikiyya, kotunan Turawa suna soke wasu hukunce-hukuncen, kamar yadda aka yi a shari'ar Tsoho Gubba da En'e ta Gwandu a 1947, ga kuma ƙananan ƙabilu suna bayyana fargabarsu gaban kwamitin Willink da Turawa suka kafa don sauraron ƙorafinsu. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Landan da Shettima Kashim, Wazirin Borno, da wasu. Suka ba da shawarar a ɗauki samfurin Sudan, tunda ya yi aiki a ƙasar da Musulmi suka fi yawa. Majalisa ta zartar a 1959, doka ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. An yi mata kwaskwarima don ta zaunu: aka sa zina da shan giya ga Musulmi cikin laifuka, aka bar bulalar haddi.

Kudu kuwa tata hanyar daban. Kiriminal Kod ɗinsu ya samo asali daga kundin da Samuel Griffith ya rubuta wa Kwinsland ta Ostireliya a 1899, kuma abin mamaki a Arewa Lugga ya fara kafa shi a 1904 kafin a shimfiɗa shi ga ƙasa baki ɗaya a 1916. Daga nan lambar 419 ta fito, wato lambar sashen damfara. A Indiya ɗan damfara 420 ake ce masa, saboda sashe na 420 na dokar Macaulay ne ya riƙa cizonsa har zuwa 2024.

Ba na cikin masu cewa a ƙona kundin don kawai baƙo ne ko don ya tsufa. Ma'anar sata da cin amana da kisan kai da ke ciki ta jure gwajin kotuna shekara da shekaru. Ko da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 sauran jihohi suka bi, masu rubuta sababbin kundayen sun kwafi sassa da dama na ta'aziri, wato laifukan da ba su da tsayayyen haddi, daga Final Kod ɗin nan. Damuwata ita ce cikin kundin akwai sassan da aka rubuta don kare mutum daga ɗan'uwansa, akwai kuma waɗanda aka rubuta don mai mulki ya danne wanda yake mulka, ko don ra'ayin Ingila na wancan zamani. Mun gaji duka biyun a ƙunshe, ba mu zauna mun tsince tsakuwa daga shinkafa ba.

Ɗauki sashe na 231. Wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira, doka ta ce a ɗaure shi har shekara guda, ko tara, ko duka biyun. Kusan kalma da kalma sashe na 309 ne na dokar Indiya. Ingila ta soke wannan laifi tun 1961. Ghana ta soke shi a 2023. Indiya ma, da ta maye gurbin kundin Macaulay da sabo a Yulin 2024, ta cire shi a matsayin laifin gama-gari. Mu kuwa yarinyar da ta sha fiya-fiya saboda baƙin ciki, in Allah ya yi da sauran kwana, danginta ɓoye ta suke yi maimakon su garzaya asibiti, don tsoron 'yan sanda. Addini ya haramta kashe kai, babu gardama. Amma haramcin bai ce a kai mai ciwon damuwa gidan yari ba, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya sun daɗe suna roƙon a cire sashen.

Haka zancen zaman kashe wando da gararamba, wanda ruhinsa ya fito daga dokar Ingila ta 1824. Laifi ne da ba ya kama mai mota. A Disambar 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam ta ba da ra'ayin cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar nahiyar, domin talauci suke hukuntawa. Ga kuma laifin tunzura jama'a a kan gwamnati, wanda aka cusa a dokar Indiya a 1870 aka ɗaure Gandhi da shi a 1922. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Najeriya ta ce a shari'ar Arthur Nwankwo a 1983 bai dace da ƙasa mai 'yanci ba, amma ire-irensa suna nan a rubuce, ana zaro su idan wani matashi ya zagi gwamna a Facebook.

Gyara ba gagara ya yi ba. Tsohuwar dokar shaida ta Najeriya, wadda aka gina kan aikin Stephen ɗin nan, ta sa lauyoyi sun yi ta jayayya ko takardar banki da kwamfuta ta fitar za ta karɓu a kotu, har aka sake dokar a 2011 aka huta. Kuma yawancin dokar laifuka a hannun jihohi take, ba sai an jira Abuja ba. Kaduna ta sake nata Final Kod a 2017. Majalisar kowace jiha a Arewa tana da ikon shafe sashe na 231 da ƙudurin da bai wuce shafi ɗaya ba, kuma ba ya buƙatar ko kwabo daga kasafin kuɗi.