Wa zai gyara famfon idan ya lalace?

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara, daga Gwarzo zuwa Sumaila ko daga Gwaram zuwa Maigatari, ya sha ganin famfon tuƙa-tuƙa a bakin gari ya yi tsatsa, awaki na kwance a kan daɓensa, allon da ke ɗauke da sunan wanda ya kawo aikin kuwa ko kodewa bai yi ba. Matan garin sun koma tsohuwar rijiya da guga, yara sun koma kududdufi. Amma a takardar hukuma, wannan gari yana cikin waɗanda aka bai wa ruwa.

A ganina, haƙa rijiyar burtsatse ba shi ne ya gagare mu ba. Muna haƙawa kowace shekara, balle in zaɓe ya ƙarato. Riƙon abin da aka haƙa ne muka kasa.

Famfo inji ne, inji kuwa ci yake yi. Wanda gari guda ke tuƙawa tun daga asuba har bayan isha dole robar cikinsa ta cinye, sarƙa ta tsinke, bututu ya huje. Kuɗin waɗannan kayan bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin haƙa sabuwar rijiya. Sai dai ranar da ruwa ya ƙi fitowa, ɗan kwangila ya daɗe da karɓar cikon kuɗinsa, ɗan majalisar da ya kawo aikin yana Abuja, ƙaramar hukuma ta ce ba a hannunta aka danƙa ba. Mutanen gari su ma su ce: "Ai na gwamnati ne." Da haka gyaran kwana ɗaya ke zama mutuwar shekaru. Famfuna masu aiki da hasken rana da ake yayi yanzu sun rage wa mata wahala ƙwarai, amma in sumo, wato injin da ke turo ruwa daga ƙasan rijiya, ya ƙone ko ɓarayi suka kwance faifan sola, lissafin ya fi ƙarfin karo-karon ƙofar masallaci.

Wata mutuwar ma tun ranar haƙa ake shuka ta. Mafi yawan ƙasar Kano, da kudancin Jigawa wajen Birnin Kudu da Dutse, a kan dutse suke zaune, ruwan yana maƙale ne a tsagar dutsen. In ba a yi awon ƙasa da kyau ba, ko mai haƙa ya tsaya da wuri don ya rage kashe kuɗi, rijiyar za ta yi ta ba da ruwa da damina, ta ƙafe da bazara, daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Batun masai ma haka yake. A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta kawo ƙarshen bahaya a fili, a duka ƙananan hukumominta 27. Abin yabo ne, kuma dagatai da masu unguwanni da limamai sun yi aiki a kai. To amma a daminar 2022 ɗin ce ambaliya ta mamaye garuruwa a yankunan Ringim da Haɗeja. Masai na talaka rami ne da azara da laka. Ruwa na zuwa ya rufta, abin da ke ciki kuma ya bi ambaliya ya faɗa rijiyar da ba ta da baki mai tsawo ko murfi. In magidanci bai sake haƙa wani ba bayan ruwa ya janye, takardar shaida ba za ta hana iyalinsa komawa bayan gari ba. Wanda ya manta abin da hakan ke haifarwa, ya tuna 2021, lokacin da amai da gudawa ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, Kano da Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Na san za a ce ruwa haƙƙin talaka ne a kan gwamnati, don me za a ɗora masa kuɗin gyara? Maganar na da ƙamshin gaskiya. Sai dai talakan yana biya tun yanzu: yana biyan mai garuwa, yana biya a kemis in yaro ya kama gudawa, 'yarsa na biya da darasin safe da take rasawa wajen ɗibar ruwa. Kuma ba cewa na yi gwamnati ta zame ba. Babban gyara nata ne. Hukumomin samar da ruwa da tsaftar karkara na jihohin biyu su ware kason gyara a kasafi, su horar da makaniki a kowace gunduma, a tabbatar ana samun roba da sarƙa a kasuwar mako ba sai an je Sabon Gari ba. In za su ba da rahoto, su faɗi famfo nawa ke ba da ruwa yau, ba nawa aka haƙa ba.

Mun taɓa cin irin wannan yaƙin. Kurkunu ya kama fiye da mutum 650,000 a Najeriya a 1988, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da shi. Ba allura aka yi ba, don ba shi da rigakafi. Ƙyallen tace ruwa ne, da 'yan sa-kai na ƙauye da ba su gaji da zagaye ba.

Ƙaramin gyara kuwa na gari ne. Kwamitin ruwa da ake kafawa ranar buɗe famfo yawanci suna ne kawai, don manyan gari ake jerawa, waɗanda ba su taɓa ɗaukar jarka ba. A danƙa asusun a hannun matan da ke riƙe adashe, su suka fi kowa sanin ranar da famfo ya fara ƙara. A kuma karɓi kason kowane gida da kaka, ko da kwanon gero ne ko ɗaurin dawa, domin da bazara, lokacin da famfo ya fi shan tuƙi, rumbu ya yi ƙasa, ba gidan da ke da abin bayarwa.