Jinkirta sabuntawar kwamfutarka, amma kada ka toshe mata ƙofa

Saura minti goma a fara taro ta intanet, ka buɗe kwamfuta. Maimakon fuskar da ka saba gani, sai ga wasu ɗigo-ɗigo suna zagaye, a ƙasa an rubuta cewa ana sabuntawa, an kai kashi 30 cikin ɗari, kada ka kashe. Lambar ta kafe a 30 ɗin kamar an buga mata ƙusa, batir yana ta raguwa, kai kuma ka zuba tagumi, ba ka da ta cewa a kan na'urar da ka saya da kuɗinka. A irin wannan lokacin ne mutum yake rantsuwa cewa yau sai ya nemo yadda ake kashe abin nan kwata-kwata.

Ba na cikin masu yi wa mai wannan fushin kallon wanda bai san fasaha ba. Yana da hujja, kuma kamfanonin da kansu suka ba shi ita. A zamanin Windows 7, zaɓi huɗu ake ba ka: ta saka da kanta, ta sauke ta jira izininka, ta sanar da kai kawai, ko kada ma ta duba. Da Windows 10 ta fito a watan Yulin 2015, sai Microsoft ya janye wannan zaɓin daga hannun masu bugun Home, wato nau'in Windows na amfanin gida da galibin mutane ke da shi. A 2016 abin ya kai ga cewa idan tallan komawa Windows 10 ya fito a kan tsohuwar Windows ɗinka ka danna alamar X don rufe shi, sai a ɗauka ka amince. Sannan ga abin da ya faru a Oktoban 2018, lokacin da babbar sabuntawar watan ta share wa wasu mutane fayilolinsu, har kamfanin ya janye ta bayan 'yan kwanaki, bai sake sakinta ba sai tsakiyar Nuwamba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Duk da haka, ra'ayina shi ne kashe sabuntawa gaba ɗaya gudun gara ne a faɗa gidan zago. Dalili kuwa yana cikin yadda facin tsaro, wato gyaran da kamfani ke aikowa don toshe ɓaraka a manhaja, yake aiki, abin da masu koyar da dabarun kashewa ba su cika faɗa ba.

Kafin kamfani ya fitar da faci, ɓarakar da ke cikin manhajar sirri ce da mutane ƙalilan suka sani. Ranar da facin ya fito kuwa, asiri ya tonu. Masu kutse suna sauke shi kamar kowa, su jera tsohon fayil da sabo, su duba inda aka ɗinke. Inda aka ɗinke nan ne inda ya yage. Daga nan sai su ƙera makami, su bazama neman kwamfutocin da ba a ɗinke ba tukuna. Ke nan kwamfutar da ka hana sabuntawa ba a inda ka bar ta take tsaye ba. Kowane wata ana ƙara shelanta wa duniya tagoginta da ke buɗe, kai kaɗai ne ba ka ji shelar ba.

An ga wannan ƙarara a 2017. A watan Maris Microsoft ya fitar da facin wata ɓaraka a hanyar da kwamfutoci ke musayar fayiloli. Ranar 12 ga Mayu, kusan wata biyu bayan haka, manhajar WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin dubban marasa lafiya. Babu buƙatar mutum ya danna wani mugun saƙo, da kanta take tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Maganin ya yi wata biyu a ajiye, kyauta, ba a sha ba.

To ina matsalar take? Abu biyu ne aka zuba a buhu ɗaya aka ɗaure baki. Na farko facin tsaro, wanda ba ka ganinsa amma kana buƙatarsa. Na biyu sauye-sauyen da kamfani yake so don kansa: a matsar da maɓallin da hannunka ya saba da shi, a cusa maka sabuwar manhajar da ba ka nema ba, a dawo da tambayar da ka riga ka amsa da a'a sau uku. Tun daga Windows 10, sabuntawar wata-wata dunƙulalliya ce, ba ka iya tsame wannan ka bar wancan. Idan mutum ya ƙi buhun saboda tarkacen da ke ciki, har da maganin ya ƙi. Kuma ba wai rabuwar ce ba ta yiwuwa. A kwamfutocin Mac, maɓallin saka facin tsaro na gaggawa daban yake da na saka sabuwar macOS, wato manhajar da ke tuƙa su. A Ubuntu, wata manhajar tuƙa kwamfuta kamar Windows daga dangin Linux, abin da ke sauka da kansa tun asali galibi facin tsaro ne, yawancin sauran sai ka ga dama. Wanda ya cakuɗa su, da gangan ya cakuɗa.

Abin da ya rage wa mai kwamfuta shi ne ya ƙwace ikon lokaci, kuma wannan yana hannunsa fiye da yadda yake zato. Microsoft yana fitar da facin wata-wata ne ranar Talata ta biyu a kowane wata, al'adar da ya faro tun 2003. Tunda ka san ranar, ba a yi maka ba-zata. Tun 2019 har masu bugun Home suna iya dakatar da sabuntawa tsawon kwana 35 daga shafin Windows Update. Ni mako guda nake ɗauka. Idan facin watan yana da matsala, cikin 'yan kwanaki za ka ji kukan waɗanda suka riga ka, ba sai ka zama zakaran gwajin dafi ba. Idan shiru, sai na zaɓi daren da ba ni da aiki, na kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri, na jona caja, na danna da hannuna na tafi na kwanta. Wuri ɗaya ne ba na jira: idan aka sanar cewa masu kutse sun riga sun fara amfani da ɓarakar. Wannan a ranar nake sakawa.

Sauran saitunan ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai inda za ka faɗa mata sa'o'in aikinka, har sa'a 18 a rana, don kada ta sake kunna kanta a cikinsu. Akwai maɓallin da ke cewa a kawo maka sababbin abubuwa da zarar sun fito, wannan ka tabbata a kashe yake. Mai sayen data da awo kuma ya nuna mata cewa layin intanet ɗinsa mai iyaka ne, za ta rage saukar da manyan kaya, kodayake tana iya shigo da abin da ta ga ya zama dole. Idan kuma babbar sabuntawa ta ɓata maka aiki, kana da kwana goma na komawa tsohon bugu kafin a share shi.

Dabarar shiga cikin hanjin kwamfuta a kashe aikin sabuntawar kuwa, na taɓa yi, kuma laifin nawa ne ni kaɗai. Wata tsohuwar kwamfuta ce da nake rubutu da ita. Na bi matakan da na gani a wani bidiyo, na ce zan kunna idan na gama aikin da ke gabana. Na gama aikin, na manta. Sai bayan watanni da yawa wata manhaja ta ƙi sauka, na leƙa, na ga ranar facin ƙarshe, gabana ya faɗi. Duk tsawon lokacin nan da ita nake shiga asusun banki da imel. Babu abin da ya same ni, amma ba don wayona ba. Shi ya sa na fi yarda da dakatarwa mai wa'adi: ita tana tuna ranar, ni ba na tunawa. Ƙananan manhajojin da ake saukewa daga shafukan da ba a san masu su ba don su toshe sabuntawa kuwa, ba su cikakken iko a kan kwamfutarka ake yi, wato ka kori mai gadi ka miƙa wa baƙo makulli.

Akwai wanda kashewar ta halatta gare shi: kwamfutar da ke tuƙa wata na'ura a ɗakin gwaji ko masana'anta, da tsohuwar manhajar da sabuntawa za ta iya karya ta. Amma sharaɗin shi ne a zare ta daga intanet baki ɗaya, kuma a kula da abin da ake soka mata. Ba a cewa ana son duka biyun, a kashe sabuntawa kuma a bar ta a intanet.

Masu Windows 10 kuma, burin da wasu suka daɗe suna yi ya cika ba tare da sun taɓa komai ba. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina ba ta facin tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na shekara guda. Kwamfutoci masu yawa da ke aiki lafiya lau ba sa iya hawa Windows 11 saboda ba su da guntun tsaron nan na TPM 2.0, ko kuma injinsu ya tsufa a ma'aunin kamfanin. Kamfanin da ya shafe shekara goma yana cewa sabuntawa dole ce don lafiyarka, shi ne kuma ya sa ranar da zai daina ba ka ita. Mai irin wannan kwamfutar sai ya zaɓa: ya shiga shirin idan wa'adinsa bai ƙare ba, ya sayi sabuwa, ko ya ɗora mata Linux a maimakon Windows.